Gajeriyar Gitar Habila da Akwatin Buba

Kunya ɗaya ce ta raba gonata da ta Habila Adam, a bayan Unguwar Tsamiya, kan hanyar da ta tashi daga Kafur ta nufi Malumfashi. Tun da na ajiye alli na koma noma, shekara tara ke nan, babu wanda nake gani kullum kamarsa. Shi Kirista ne, ni Musulmi. Idan azahar ta yi muna gona, yakan ɗaga kai ya dubi rana ya ce, "Malam, lokacinka ya yi, je ka, zan duba maka shanun." Gajeren mutum ne, siriri, mai ƙananan hannuwa irin na wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, alhali kuwa masara da waken suya da auduga yake nomawa tun yana yaro.

Wanda ya san Habila a gona kaɗai bai san shi ba. Yana ɗan shekara goma sha tara majami'arsu ta sayi kayan kiɗa na zamani da ƙaramin janareta. Samari suka yi rububin ganguna da gitar da ke jan waƙa, aka bar guda ɗaya jingine da bango babu mai so. Ita ce wadda ake ce wa bes, mai wayoyi huɗu masu kauri, wadda muryarta ba ta tsayawa a kunne, sai ta sauka cikin ƙirji. Habila ya ɗauka don ita kaɗai ta rage. Doguwa ce ƙwarai, har mutane na cewa idan ya rataya ta ba a sanin wanda ya rataya wani. A jikin wuyanta akwai ƙananan ƙarafa a gicciye, kuma tsakanin kowane biyu ake danna waya don a fitar da murya. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin tafin hannunsa, amma ya koya wa ƙaramin yatsansa miƙewa har ya riƙa kaiwa inda ake bukata. Shekara ashirin da biyu yana kaɗa ta, a sujadar Lahadi da bukukuwan aure da tarurrukan gunduma, daga Tsiga har Matazu.

Wata kaka bel ɗin injin casar masara ya kama masa hannun hagu. Ya tafi da ƙaramin yatsan ɗungurungum, da rabin na kusa da shi. Da rauni ya warke ya koma ya rataya gitar, ya ga yatsu biyu da rabi ba za su iya ratsa wannan tazara ba. Ya cire ta daga wuyansa ya miƙa wa wani, ya koma benci na uku ya zauna. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kan bencin nan. Matarsa Atu ta taɓa gaya mini cewa duk Lahadi gwiwar wandonsa ta hagu takan yi laushi, saboda yadda yake danna ta da yatsu yayin da ake waƙa.

Bara waccan, wata Litinin da safe, na tarar da shi a bakin gona bai fara aiki ba.

"Lafiya, Habila? Ko shanun ne?"

"Malam, ashe akwai gajeriya."

"Gajeriyar me?"

"Bes! Jiya a taron mawaƙa na Malumfashi, wani mutum daga Kaduna ya zo da ita. Na ɗauka ta yara ce. Da aka tashi na je na ce, ɗan'uwa, ba ni in riƙe. Malam, na ɗora hannun nan," ya ɗaga mini guntun hannun, "sai na ga ko'ina kusa yake. Ban miƙa ba, ban yi tsalle ba. Waƙa ɗaya cur na kaɗa, daga farko har ƙarshe. Kuma muryar ita ce dai, har ta fi taushi."

"To, ya aka yi?"

"Ya karɓi abarsa ya shiga mota."

Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Shekara sha ɗaya ina tsammanin hannuna ne ya ƙare. Ashe gitar ce ba tawa ba."

Daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ba ya roƙo, ba ya ƙorafi, amma kowace hira aka ɗauko sai ta biya ta Malumfashi. 'Yarsa Angela, wadda na koyar a aji biyar, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Ita ta ji abin daga bakin uwarta, ta yi ta bincike a waya har ta sami mai sayarwa a Legas. A watan Afrilun bara, ana tsakiyar zafin bazara, ta kira ta ce saƙo ya iso tashar Funtua. Habila ya ce in raka shi, wai ko da akwai takardar Turanci da za a sa wa hannu.

Babu wata takarda. Direban da ya kawo saƙon ya zaro dogon kwali daga ƙarƙashin kujera ya miƙa mana. Habila bai iya jira mu isa gida ba, nan gefen mai sayar da rake ya tsuguna ya yanke igiyar. Ja ce, jan gauta nunanne, tana sheƙi. Ya daɗe yana shafa wuyanta. Can ya leƙa cikin kwalin, ya juya shi, ya girgiza.

"Direba, ina gidanta?"

"Baba, abin da aka ba ni ke nan. Ni ko buɗewa ban yi ba."

Ya kira Angela. Na ji muryarta ta cikin wayar tana cewa, "Baba, na tambaya. Mai sayarwar ya ce masu ƙera ta ba su yi wa wannan tsawon gida ba. Dogayen ne ke zuwa da nasu. Ka yi haƙuri, za mu nema."

Muka mayar da ita kwali, ya rungume ta a kan cinyarsa har Kafur.

A makon nan ya je wurin shugaban mawaƙa ya ce kada a sa shi a gaban jama'a tukuna. Hannu ya yi sanyi, in ji shi, kuma ba zai tsaya a inda ya yi suna ya ba da kunya ba. Ya yanka wa kansa rana: Lahadin godiya ta kaka, a watan Nuwamba, ranar da kowane gida ke kawo dami da buhu gaban majami'a. A ranar yake so ya koma inda ya bari. Wata bakwai ke gabansa, kuma abin da ake bukata kawai shi ne hannu ya dawo, gitar kuma ta kai lokacin lafiya.

Kowace la'asar yakan zauna a zaure ya yi ta kaɗawa. Da yake babu lasifika a gida, muryar ba ta fi ƙugin ƙudan zuma ba, don haka yakan sunkuya ya ɗora haɓarsa a kan katakon, wai ta ƙashi yake jin ta. Ran Alhamis kuma ya naɗe ta da zanen Atu, ya goya ta a kan babur zuwa majami'a, ya gwada ta da lasifika kafin kowa ya zo. A tafiya ta uku wani rami ya jijjiga babur ɗin, gindinta ya bugi ƙarfen ɗaukar kaya, fenti ya ɓantare kamar girman ƙumba. Sa'an nan kwalin ya fara yagewa a kusurwa. Ga shi kuwa hadari ya soma haɗuwa a gabas.

Ya zaga kasuwar Funtua bai samu ba. Ya hau mota har Sabon Garin Zariya, inda ake sayar da kayan kiɗa. Gidan gitar da ke jan waƙa ya gaza da kamar yatsu huɗu, kanta ya ƙi shiga. Masu ƙarfi na dogayen bes kuwa, mai shagon ya ce ba ya raba su da gitocinsu, domin tare suka zo. Abin da ya rage wata jakar yadi ce mai mataccen zif, wadda ko raɓa ba za ta tare ba. Ya dawo hannu rabbana.

Washegari muka haɗu a rumfar Buba kafinta, a bakin kasuwar Kafur. Buba abokin wasan Habila ne tun suna yara, mutum mai ƙiba da son dariya, wanda ƙofofi da gadaje da kujerun rabin garin suka fito daga hannunsa.

"Sarkin kiɗa," in ji Buba, "an ce ka yi amarya ba ɗaki."

"Kai dai bari. Malam, ka yi mana hukunci. Ka taɓa ganin maƙeri ya sayar da wuƙa ba kube?"

Na ce ban taɓa gani ba, ko da yake ba maƙerin ke ɗinka kuben ba, baduku ne.

"To ai shi ke nan! Maƙerin ya san inda badukun yake, ya kai masa awo. Waɗannan sun zauna sun yi tunani, sun ce akwai masu gajeren hannu a duniya, bari mu yi musu tasu. Allah ya saka musu. Amma tunanin ya tsaya a nan. Shi mai gajeren hannun a sama zai ajiye ta?"

"Da sun haɗo da gidan," in ji Buba, "da kuɗin ya ƙaru, da 'yarka ta kasa, da yanzu kana nan kana kaɗa gwiwarka."

"Su yi shi daban mana, mai so ya saya. Ni ban ce kyauta ba."

"A can ƙasarsu ƙila ba gara, ba babur, ba Atu da tsintsiya."

Muka yi dariya. Ni dai, da na yi ta juya maganar daga baya, ina ganin Habila ne da gaskiya. Buba bai yi ƙarya ba game da tsada, amma wanda ya ƙera abin da ya saɓa wa awon da aka saba, shi kaɗai ya san awon, kuma ya san babu inda mai saye zai je ya samu. Doguwar gita ko a ina ta faɗi za ta sami abin shiga. Gajeriya kuwa duk inda ta je baƙuwa ce. Wanda ya fitar da ita duniya shi ya kamata ya tanadar mata sutura, ko da a kan farashi na dabam ne.

Buba ya goge hannunsa ya ce, "Kawo ta gobe in auna. In Turawa sun gaza, Buba bai gaza ba."

Ya auna ta a gabana: kamu biyu da taƙi ɗaya. Ya ɗauki aikin da zuciya ɗaya, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya zaɓi katako mai kyau, ya yi akwatin da faɗi ta wajen gindin gitar, ya tsuke shi ta wajen kai. Ya sa murfi mai ƙugiya biyu da mariƙi a kowane gefe, ya shafe shi da mai har ya yi launin ƙasa-ƙasa mai ƙyalli. A ciki ya shimfiɗa soso, ya lulluɓe shi da sabon farin yadi, don kada fenti ya ƙara gogewa. Na gan shi a rumfar kwana biyu kafin a gama, na yaba ƙwarai. Ban ga komai ba face kyakkyawan aiki, kuma Buba ma haka. Mu Musulmi da likkafani da makara muke kai namu. Buba bai taɓa ƙera akwatin gawa ba, domin Kiristocin yankin wurin wani kafinta na Malumfashi suke zuwa. Habila kuwa, wanda da ya gani da ya gane, Buba ya hana shi leƙawa, wai sai an gama zai ba shi mamaki.

Ran wata Talata da la'asar Buba ya ɗaure akwatin a gicciye a bayan babur ɗinsa, ya ɗauke ni a tsakiya, muka shiga Unguwar Tsamiya a hankali saboda kada ya gogu. Matan da ke bakin famfo suka daina tuƙi. Wata ta sauke bokitinta ta ɗora hannu a ka. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Wayyo, ɗan wa?" Buba ya ɗaga musu hannu yana murmushi. Kafin mu tsaya a ƙofar gidan Habila, mata biyar ko shida na biye da mu, ɗaya ta riga ta fara kuka.

Atu ta fito daga cikin gida da muciya a hannu. Ta dubi akwatin. Buba, cikin alfahari, ya kwance igiya ya buɗe murfin don ta ga farin yadin.

Muciyar ta faɗi. Atu ta zauna a ƙasa, a nan bakin ƙofa.

A ranar na ji abin da shekara takwas na maƙwabtaka ba su gaya mini ba. Kafin Angela sun haifi namiji, Adam, mai sunan mahaifin Habila. Ƙyanda ta ɗauke shi yana ɗan shekara biyar. Akwatin da aka sa shi a ciki tsawonsa ke nan, launinsa ke nan, kuma Atu ce da hannunta ta shimfiɗa farin yadin.

Habila ya fito daga zaure, ya tsaya. Na ga idonsa ya auna akwatin daga kai zuwa gindi, na kuma ga ya gane abu biyu a lokaci ɗaya: cewa gitar za ta zauna a ciki daidai, da cewa ba za ta taɓa shiga ba.

"Baban Angela," in ji Atu, ba ta ɗaga murya ba, "in abin nan ya kwana a gidan nan, ni ba zan kwana ba."

Buba ya rufe murfin da sauri. "Maman Angela, wallahi ban sani ba. Wallahi tallahi. Ki yafe mini."

"Na sani, Malam Buba. Ba ka yi don mugunta ba. Ka dai tafi da shi."

Daga baya Buba ya ce zai sake fenti, ya cire yadin, ya yanke kusurwoyin. Habila ya ce a'a. Ta riga ta gani, in ji shi, ko kore aka mayar da shi abin da za ta riƙa gani ke nan a ƙarƙashin gado. Ajiye shi a majami'a ma bai yiwu ba, don matan da suka bi mu ranar su ne ke share ta. Akwatin ya koma rumfar Buba, ya tura shi can bayan katakai.

Damina ta kankama. Ruwan Agustan bara ba na wasa ba ne, kwana huɗu a jere ba a ga rana ba. Ɗakin Habila na ƙasa ne, bango ya sha ruwa har gwiwa. Kwalin ya jiƙe ya narke. Tsatsa ta fara cin wayoyin, yana gogewa da man gyaɗa tana dawowa. Wata safiya ya ɗaga zanen da ya rufe gitar, ya ga gara ta gina hanya a bango, saura taƙi ɗaya ta kai ga ƙusar da ya rataye ta.

Sai ya yi tunanin manomi. A ƙasarmu, abin da ya fi kowane abu daraja a gida shi ne iri, kuma kowa ya san inda ake ajiye shi. Ana zaɓen masarar da ta fi cika, a ɗaure ta da ɓawonta, a rataye a saman murhu a ɗakin girki. Hayaƙi na busar da ita, yana korar ƙwari, gara ba ta kusantar wurin. Haka kakanninmu suka yi, iri na kaiwa wata damina ba abin da ya taɓa shi. Tun da aka yi shuka a watan Yuni, igiyoyin da ke saman murhun Atu babu komai a jikinsu. Habila ya naɗe gitar da zane biyu, ya ɗaura igiya ɗaya a wuyanta ɗaya a gindinta, ya rataye ta a kwance a wurin iri.

Ya gaya mini a gona, yana jin daɗin dabarar. Wajibi ne in faɗi gaskiya: na ce masa ya yi hikima.

Da farko yakan sauko da ita kowace la'asar. Sa'an nan masara ta bushe, aikin karya ya taso, ga waken suya na neman fashewa a gona. Muna fita da sassafe, ba ma dawowa sai magariba, hannu duk ya yi tauri. Mako uku cur bai taɓa ta ba. A makonnin nan kuwa Atu na dafa wa 'yan ƙwadago goma sha biyu abinci sau biyu a rana, wutar murhu ba ta mutuwa.

Ranar da aka kai buhun ƙarshe gida ya sauko da ita. Ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, gitar a kan cinyarsa, zanen da kunkunniya ta baƙanta a gefe. Babu tsatsa, babu gara. Amma wuyan ya lanƙwashe kamar baka, wayoyin sun tashi sama har ana iya zura yatsa a ƙarƙashinsu. Ya danna ɗaya da dukan ƙarfinsa, ta fitar da wata murya mai karkarwa, wadda ba ita ake nema ba.

"Malam," ya ce, "masara ba ta da wuya. Shi ne abin da na manta."

Atu na tsaye a bakin ƙofar cikin gida. "Da na bar akwatin nan ya shigo..."

"Kada ki ƙara," in ji shi. "Ke kika rataye ta? Ni na rataye ta."

Angela ta zo ta tafi da ita Kaduna wurin mai gyara. Akwai wani ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa don a miƙar da shi, mai gyaran ya ɗaure iyakar yadda zai ɗauru. Ya ce da lanƙwasa ce kawai da ta miƙe, amma zafi ta gefe ɗaya ya dake ta, katakon ya murɗe. Magani sai sabon wuya, kuma na dogaye ne ke kasuwa. Aka dawo da ita saura kwana tara godiya.

Na ɗauka zai janye. Sai ya je wurin shugaban mawaƙa ya roƙi a zaɓi waƙa guda, a kuma ɗauke ta a muryar da ya faɗa. Ya bayyana mini dalili: kowace waya tana da muryarta ta kanta idan an kaɗa ta ba a danna ba, kuma murɗewar wuya ba ta taɓa wannan. Akwai tsofaffin waƙoƙi da murya uku ke ɗauke su daga farko har ƙarshe.

Ran Lahadin godiya ya gayyace ni da Buba. Aka sa mana benci a inuwa, kusa da taga. Dammunan dawa da buhunan masara sun cika gaban majami'ar, har da kaji da akuya ɗaya mai yawan magana. Matan zumunta suka yi tasu waƙar da tuluna da caki. Sa'an nan na hango Habila ya tashi daga benci na uku, cikin farar riga, ya rataya jar gitar. Ta zauna a jikinsa daidai, kamar tare aka auna su. Da aka ɗauki waƙar, muryar ta fito ta lasifika, ta ratsa bangon da muke jingine da shi, na ji ta a haƙarƙarina. Buba ya dafa gwiwata ya ce, "Kai! Ashe haka abin yake?" Tsofaffin da suka san shi a da suka miƙe, wata ta rangaɗa guɗa. Ta tagar ina ganin hannunsa na hagu. Yana riƙe da wuyan, yatsun na motsi a kan iska, suna zuwa duk inda ya kamata su je, ba su taɓa waya ko sau ɗaya ba.

Da aka tashi mutane suka kewaye shi. Ya amsa gaisuwa da fara'a, ya ci shinkafa tare da mu. A hanyar gida, da muka rage mu biyu, na ce masa ya cika alkawari.

"Malam, kai ma?" Ya yi ɗan murmushi. "Wannan da na yi yau, ko da doguwar ina iya yin sa. Shekara sha ɗayan nan duk ina iyawa, na ƙi, don ba shi nake nema ba. Waccan waƙa ɗaya ta Malumfashi, ita nake nema."

Muka ci gaba da tafiya.

Yau wata goma ke nan. Angela ta rubuta wa masu sayarwa a Legas da Fatakwal tana neman sabon wuya, wani ya ce zai tambayo mata a ƙasar waje, bai sake kira ba. Gitar na rataye a zaure, an sa mata leda. Masarar bana ta yi kyau, mun fara karya.

Shekaranjiya da rana muka zauna hutawa a gindin ɗorawa. Na ga ya zaro wani busasshen karan dawa daga ƙarƙashin buhu. Ya yi masa tsaga-tsaga da wuƙa a gicciye, masu faɗi a sama, suna matsewa zuwa ƙasa. Ya ce a jikin wuyan gitar ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora karan a cinya, ya sunkuyar da kai, yatsu biyu da rabi suka fara tafiya a kansa.

"Na mene ne wannan kuma, Habila?"

"Yarinyar nan ba ta gajiya, Malam. Wata rana za ta kira ta ce saƙo ya iso Funtua. Ba na so ranar ta zo ta tarar hannun ya sake yin sanyi."

Na bar shi da karansa, na tashi na koma kan masarata.